Ƙaunar Allah da ta Maƙwabci a Legas: Yadda Ake Sama Mata Lokaci da Kuɗi

Da wani masanin Attaura ya tambayi Yesu wace doka ce mafi girma, biyu ya ba shi, kamar yadda yake a Matta 22:37-40: ka ƙaunaci Ubangiji Allahnka da dukan zuciyarka da ranka da hankalinka, ka kuma ƙaunaci maƙwabcinka kamar kanka. Duk wanda ya zauna a bencin makarantar Lahadi a Kagoro ko Billiri ko Garkida ya haddace wannan tun bai san hanyar Legas ba. Abin da ba a koyarwa a can shi ne yadda ake cika shi a garin da mutum ke barin Ikorodu ƙarfe 5 na asuba ya dawo 10 na dare, albashinsa kuma ya ƙare kafin 20 ga wata.

A gida an riga an share wa ƙauna hanya. In mutum ya kwanta, kafin azahar 'yan Zumuntar Mata sun ji, kunu ya iso, fasto ya leƙo. A nan ɗan'uwa yakan yi sati kwance a ɗakin gadi a Ajah, 'yan ikilisiyarsu suna Agege, babu wanda ya sani. Zukatan mutane ba su canja ba, nisa ne da gajiya da kuɗin mota suka shiga tsakani. Don haka duk alherin da aka bar wa "in na samu sarari" a garin nan ba zai yiwu ba. Sai an yanka masa sa'a, an ware masa kuɗi, an kuma san sunan wanda za a yi wa.

Minti 15 na Allah

Ka fara da abin da za ka iya riƙewa ko ranar da ka makara. Minti 15 sun isa, rabi karatu, rabi addu'a. Lokacin da ya fi ɗorewa shi ne wanda aka ɗaura a jikin abin da ba ka fasawa. Mai fita da asuba ya yi kafin ya taɓa waya. Mai gadin dare ya yi tsakanin ƙarfe 2 da 4, sa'ad da ƙofa ta yi shiru kuma barci ke neman kayar da shi. Mai aikin gida ta yi bayan ta kai yara makaranta. Wanda ya ce sai ya dawo da dare, galibi a kan Littafin barci ke ɗaukarsa.

Sabon Alkawari surori 260 ne. Sura ɗaya a rana, Litinin zuwa Juma'a, za ta kai ka ƙarshensa cikin mako 52 daidai, Asabar da Lahadi kuma su zama na cike giɓi. Ka fara da Markus, don surorinsa 16 ne kuma labarin yana tafiya da sauri, sai Luka, sai Ayyukan Manzanni, sannan wasiƙu. Da yawa cikin masu somawa daga Farawa da niyyar wucewa kai tsaye, a Littafin Firistoci suke tsayawa, saboda sun faɗa cikin dokokin hadaya babu mai yi musu jagora.

In ka gama surar, ka yi wa kanka tambaya biyu: me ta nuna mini game da Allah, kuma wa zan yi wa me yau saboda ita? Ta biyun nan dole ta fito da suna. "Zan zama mai haƙuri" ba amsa ba ce. "Zan gaida matar ɗakin kusa da nawa, wadda muka yi cacar baki da ita kan igiyar shanya" ita ce amsa.

Ka yi karatu da harshen da kake kuka ga Allah da shi in abu ya tsananta. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito tun 1932, akwai kuma sababbin fassarori masu sauƙin Hausa. Ƙungiyar Littafi Mai Tsarki ta Nijeriya tana da ofis a Apapa, manhajar YouVersion ma tana da na Hausa. Wanda karatu ke ba shi wuya, ko yake shafe awa biyu a cunkoso, ya saurari na murya a danfo ko BRT, amma wayar ta zauna a aljihu, kada ta kusanci taga.

Wajen addu'a, Addu'ar Ubangiji da ke Matta 6:9-13 ta isa tsani: ka faɗi jimla ɗaya, ka tsaya ka ƙara naka, ka wuce. Sannan ka ajiye takarda mai sunaye 5 a cikin Littafin: biyu daga iyali, ɗaya daga ikilisiya, ɗaya maƙwabci ko abokin aiki, na biyar wanda ba kwa ga maciji da shi, don Matta 5:44, da ta ce a ƙaunaci maƙiya a kuma yi musu addu'a, ba ta bar mana mafita ba. Kowane mako ka kira ɗaya daga cikinsu a waya.

Abin da ya fi kashe wannan tsari shi ne lissafin bashi. Mutum ya tsallake kwana 4, sai ya ce dole ya karanta surori 5 a zama ɗaya, ya kasa, kunya ta sa ya bari gaba ɗaya. Ka ci gaba daga inda ka tsaya kawai. Na biyu kuma shi ne yawon neman mu'ujiza, yau wannan kwanan coci, gobe wancan dutsen addu'a, ana sayen mai da ruwa da kuɗin abincin yara. Allah ba ya sayar da jin addu'a, kuma jikin da bai yi barci ba washegari a kan mata da yara yake hucewa.

Game da sujada, shawararmu ita ce ka samu ikilisiyar da za ka iya kaiwa da mota ɗaya. ECWA da COCIN da EYN da LCCN duk suna da majami'u a Legas, a barikokin soja da na 'yan sanda ma akwai masu bi daga Arewa da yawa. In taku ta yi nisa har sai an hau mota uku, ka riƙe ta kusa don kowane mako, ka riƙa zuwa ta gida sau ɗaya a wata. Inda za a lura ba ka zo ba, can ne ikilisiyarka. Mai shiga aikin gadi ko na gida kuma ya yi maganar Lahadi tun ranar da ake yanka albashi, ko da Lahadi biyu ce a wata. In aka fara aiki ba a faɗa ba, nemanta daga baya yakan zama rigima.

Aljihun taimako

Wasiƙar Yohanna ta fari 3:17-18 ta ce kada ƙauna ta tsaya a baki, Yakubu 2:15-16 kuma ya tsawata wa mai sallamar mayunwaci da fatan alheri hannu wofi. Amma wanda bai ware komai ba, duk roƙon da ya zo masa sai ya zama ko ya hana yana jin nauyi, ko ya taɓa kuɗin haya ya dawo yana jin haushi. Mafita ita ce ranar da kuɗi ya shigo, a ranar za a cire na taimako, ba a ƙarshen wata ba. Bayan abincin gida da haya da kuɗin makaranta, waɗanda 1 Timoti 5:8 ta ɗora a wuyanka, da baikon ikilisiya, ka ware ko kashi 2 ko 3 cikin 100 ne, ka sa a ambulan ko wani asusu daban. Mai karɓar naira 80,000, kashi 3 nasa 2,400 ne. Kaɗan ne, amma ya sayi ɗan garin kwaki ko ya biya wa wani kuɗin mota zuwa asibiti. In ya ƙare ka faɗi gaskiya: "Ɗan'uwa, na wannan wata ya ƙare, amma zo mu je wurin dattawa tare."

Kafin kuɗi ya bar hannunka, ka faɗi da baki ko kyauta ne ko rance. Zumunci da yawa a nan ya mutu ne saboda mai bayarwa yana lissafin bashi, mai karɓa kuma ya riga ya yi godiyar kyauta. In rance ne, a sa rana da adadin da za a riƙa biya, a tura a saƙon waya don kowa ya riƙe. Kada ka ranta abin da in bai dawo ba za ka daina gaisawa da mutumin. Ya fi maka ka ba shi kwata kyauta da ka ranta masa duka.

In da hali, ka biya abin da kansa: ka je kantin magani da takardar likita, ka tura kuɗin makaranta asusun makarantar, ka auno gwangwanin derika 4 na wake ka kai. Wannan yana rage yaudara, yana kuma kare matar da mijinta ke karɓe duk kuɗin da ya shigo gida. In baƙon murya ya kira yana cewa ɗan ikilisiyarku ne a wani gari, ka nemi sunan fastonsa ka kira da kanka. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan.

Abin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya, asusun haɗin gwiwa ke ɗauka, tunda hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mutum 8 zuwa 12 sun fi daɗin tafiyarwa. Goma masu zuba 2,000 a wata za su tara 240,000 a shekara. Tun ranar farko a rubuta abin da kuɗin zai yi, misali asibiti, rasuwa, da wanda aka kora daga ɗaki ko aiki, don in ba a iyakance ba, biki da suna za su cinye shi kafin Disamba. Mai riƙe littafi daban, mai riƙe kuɗi daban, kada su zama miji da mata, kada kuma kuɗin ya kwana a asusun mutum ɗaya ko da fasto ne. Wannan kāriya ce ga sunansa. A karanta shiga da fita a gaban kowa duk wata, kada a fitar da fiye da rabin abin da ke ciki a kan matsala ɗaya. Wannan ba adashe ba ne, babu wanda ke jiran kwasarsa, kuma a bayyana haka sarai tun farko.

Sai maganar rufin asiri. Matta 6:3-4 ta ce kada hagu ta san abin da dama ta yi. Ɗaukar hoton gwauruwa riƙe da buhun shinkafa a watsa a WhatsApp na ikilisiya cin fuska ne, ko da niyyar ta ƙarfafa wasu ce. A rubuta adadi a littafi, sunan ya tsaya wurin mutum biyu.

Zuwa dubiya

Zumunci a ƙafa yake, kuma a asibiti ake ganin haka. Wanda aka kwantar a LUTH da ke Idi-Araba, ko LASUTH a Ikeja, ko babban asibitin Gbagada, yana bukatar mai jinya da zai karɓi takarda ya sayo magani, ya kai jini ɗakin gwaji, ya biya kuɗi ya dawo da rasit. Ɗan Arewa da iyalinsa ke Zuru ko Michika ba shi da wannan. Don haka kafin kowa ya sayi lemo, a fara tsara wanda zai zauna: mutum 4 su raba kwanaki, a rubuta sunaye da ranaku, ɗaya ya riƙe duk takardu da rasit a leda guda. Kuskuren da aka saba shi ne mutum 15 su cika ɗaki ranar Lahadi bayan sujada, Litinin zuwa Asabar kuma ba kowa.

Ka kira mai jinya kafin ka taso, ka tambayi lokacin ziyara da abin da likita ya yarda a ci. Mai ciwon suga ba a kai masa lemon kwalba, wanda za a yi wa tiyata sau da yawa an hana shi ci sam. Kunun gyaɗa ko na tsamiya a filas, ruwan zafi, sabulu, zane mai tsabta, da cajar waya sun fi amfani. Ka zauna daidai da fuskarsa maimakon tsayuwa a kansa. Minti 15 zuwa 20 sun isa. Ka ce, "Sannu Baba, yaya jikin? Me ke damunka da za mu ɗauke maka?" Sau da yawa amsar ba ta ciwon ba ce: yara ne ba wanda zai ɗauko daga makaranta, ko maigidan aiki ne ba a gaya masa ba. Ka nemi izini kafin addu'a, ka yi ta gajere da murya ƙasa, don gadon kusa akwai wani mai jin jiki.

Abu biyu kada su fito daga bakinka. Kada ka ce zunubi ne ko rashin bangaskiya ya kawo ciwon, Yesu da kansa ya ƙi wannan lissafi a Yohanna 9:1-3. Kada kuma ka ce a ajiye magani a dogara ga addu'a. Mai hawan jini ko tarin fuka ko ciwon suga da ya bar magani saboda shaidar wani, rayuwarsa aka sa a caca.

Jini kuma kyauta ce da talaka ke iya bayarwa. Mai lafiya ɗan shekara 18 zuwa 65, mai nauyin kilo 50 ko fiye, yana iya ba da leda ɗaya, namiji kuma ya sake bayan wata 3. Ya kamata kowace ƙungiyar matasa ta ikilisiya ta san rukunin jinin 'ya'yanta tun ba a shiga gaggawa ba. Lambobin gaggawa na jihar Legas su ne 112 da 767. Akwai kuma inshorar lafiya ta jiha, Ilera Eko, kuma biya wa gwauruwa ko dattijo ita na shekara yakan fi tara kuɗi bayan an kwanta.

Baƙon da ya sauka da jaka ɗaya

Ibraniyawa 13:2 ta ce kada a manta da karɓar baƙi. A ɗaki ɗaya mai mutum 5, karɓar tana bukatar iyaka, in ba haka ba ta ƙare da gaba. A daren farko, bayan ya ci ya huta, ka gaya masa: sati nawa zai yi, ƙarfe nawa ake rufe ƙofa, wane aiki ne nasa a gidan. Ka sanar da mai gidan haya. In kana da 'yan mata a ɗakin, ka nema masa wurin kwana wajen samarin ikilisiya, ya riƙa zuwa cin abinci.

Taimakon da ya fi masa shi ne sanin gari. Ka tabbatar yana da lambar shaidar ɗan ƙasa, wato NIN. Ka raka shi kasuwar Mile 12 ko wurin masu gini ko kamfanin gadi da ƙafarka, don a nan fuskar da aka sani ake ɗauka. In acaɓa ya zo yi, ka gaya masa gaskiya kafin ya ci bashin babur: tun 1 ga Yuni 2022 an hana shi a Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Apapa, Lagos Island da Lagos Mainland, daga baya aka ƙara wasu ƙananan hukumomi, kuma babur ɗin da aka kama ya tafi ke nan. Kada ka sa hannu a takardar tsaya wa wanda ba ka san halinsa ba, domin in ya gudu da kaya kai za a nema.

'Yan matan da ake kawowa aikin gida su ne suka fi ɓacewa daga idon ikilisiya. Zumuntar Mata ta riƙe sunan kowace, da adireshin gidan da take, da lambar iyayenta, wata uwa ta riƙa kiranta duk mako. Wadda ba ta kai shekarun aiki ba, makaranta ce wurinta. In kuwa a gidanka take, Yakubu 5:4, da ke tsawata wa masu hana ma'aikata ladansu, da kai yake: albashinta a kan lokaci, a hannunta, abincinta irin na 'ya'yanka.

In an kama wani ko an ba shi takardar tashi, ka san ƙofar da za a buga. Gwamnatin jiha tana da ofishin lauyoyi masu kare marasa hali kyauta, wanda ake kira OPD, da cibiyar sasanta jama'a da ke sauraron rigimar haya da ta albashi. Dokar haya ta jihar ta 2011 ta ba mai biyan shekara wa'adin wata 6, mai biyan wata kuma wata 1, in yarjejeniyarsu ba ta faɗi wani abu daban ba, sai dai ba ta shafi Ikoyi, Victoria Island, Apapa da Ikeja GRA ba.

Tsakar gidan haya

Maƙwabcin da labarin Basamariye mai tausayi a Luka 10 ke nufi ba lallai ɗan cocinku ba ne. A Agege ko Idi-Araba, Bahaushe Musulmi ne ko Bayarabe ko Ibo, kuma shaidarka a wurinsa ita ce kuɗin Nepa da na shara a kan lokaci, da wanke bayi ranar da layi ya zo kanka. Ka koyi gaisuwar Yarabanci ko guda uku ce, ka rusuna wa tsofaffi. Addu'ar dare a yi ta yadda mai jariri a ɗakin kusa zai yi barci. In za ka raba abincin Kirsimeti, ka ba Musulmi ya yanka kazar ko akuyar, ka dafa a tukunyar da ba ta taɓa naman alade ko giya ba, ka kuma faɗa masa haka sa'ad da kake miƙawa, don ya ci da kwanciyar rai. Ka yi masa barka da Sallah, ka je gaisuwa in an yi masa rasuwa. In ya tambaye ka game da bangaskiyarka, ka amsa da tawali'u da ladabi yadda 1 Bitrus 3:15 ta ce, kada ka mai da kwanon abinci ƙugiyar jawo shi.

Saɓani kuwa dole ne a inda mutum 30 ke bin famfo ɗaya. Tsakanin masu bi, Matta 18:15-17 ta jera matakan: ka same shi ku biyu, in bai ji ba ka ɗauki mutum ɗaya ko biyu, sannan a kai wa ikilisiya. Yawancinmu daga na uku muke farawa, a dandalin WhatsApp ko da sunan "roƙon addu'a", shi ya sa ƙaramar magana ke zama ta ƙabila. Ka je cikin kwana biyu, ba a gaban yaransa ba. Ka faɗi abu ɗaya da ya faru da ranar da ya faru, ban da tone-tonen bara. Ka fara da naka laifin in akwai, ka bar shi ya gama magana.

Gafara ba ta nufin a rufe duka ko lalata da yaro. In mace ta zo da kumburin fuska, kada a ce mata ta koma ta yi haƙuri. A fara sama mata wurin kwana a gidan wata uwa a daren, a kai ta asibiti a rubuta raunin, a sanar da dattawan ikilisiya, a kuma kai maganar hukumar jiha mai kula da cin zarafi a gida, wato DSVA, ko ofishin 'yan sanda mafi kusa.